Ƙaramin Manomi a Lokacin Annoba: Ina Tallafin Yake, Kuma Ta Yaya Ake Kai Gare Shi?

Korona ba ta kama gero ko masara, ba ta kashe akuya. Hanya ta tare wa manomi, kuma ta tare ta a lokacin da ya fi bukatarta. Ranar 27 ga Fabrairun 2020 aka tabbatar da mutum na farko mai cutar a Najeriya. Ranar 30 ga Maris aka rufe Legas da Ogun da Abuja, tsakiyar Afrilu dokar kulle ta iso Kano, daga nan aka hana zirga-zirga tsakanin jihohi har zuwa 1 ga Yuli. Iyakokin ƙasa kuwa dama a rufe suke tun Agustan 2019. Duk wanda ya san yadda shekarar noma ke tafiya a Arewa ya san waɗannan watanni: masu noman rani na kwashe tumatir da albasa, masu jiran damina na sharar gona da kai taki da neman iri. Aka kuma rufe kasuwannin mako-mako a wurare da dama, alhali a can ne ƙaramin manomi ke kai tunkiya ko buhun wake ya juya su kuɗin taki. Wanda bai sayar ba bai saya ba, ruwan sama kuma bai jira kowa ba.

Abin da ya sa nake ganin darasin 2020 ya cancanci a zauna a kansa ke nan. Tallafi an yi shi, har da yawa. Amma tallafin noma yana da lokaci, kuma wanda ya fara neman takardu ranar da aka sanar da shiri a rediyo ya riga ya makara. Mai kwarmin ido da wuri yake fara kuka.

Abin da gwamnati ta fitar, da abin da kowanne yake nufi

Kalmar "tallafi" ta ruɗa mutane sosai, domin abubuwa uku daban-daban aka haɗa a cikinta: kyauta, rangwamen farashi, da rance.

Kyauta ita ce irin tan 70,000 na hatsi da aka ba da umarnin fitarwa daga rumbunan gwamnatin tarayya a Afrilun 2020. Wannan abinci ne na ci, ba jarin noma ba. Rangwame shi ne kamar yadda aka sauko da farashin buhun kamfa 20:10:10 na shirin takin shugaban ƙasa daga Naira 5,500 zuwa 5,000. Sauran manyan shirye-shiryen kusan duk rance ne. A watan Maris Babban Bankin Najeriya ya ware Naira biliyan 50 ta hannun bankin NIRSAL Microfinance, magidanci na iya neman har miliyan 3, ƙaramin kamfani har miliyan 25. Ya kuma rage kuɗin ruwan rancen shirye-shiryensa daga kashi 9 zuwa 5 cikin ɗari na shekara guda, tare da ɗaga lokacin fara biya. Shirin Anchor Borrowers, wanda aka ƙaddamar a Kebbi a Nuwamban 2015, shi ma rance ne: a ba ka iri da taki da magani, ka biya da amfanin gona ko kuɗinsa bayan girbi.

Da yawa sun karɓi kuɗin korona da tunanin rabonsu ne na arzikin ƙasa. Ba su san cewa daga 1 ga Agustan 2020 wata ƙa'ida ta fara aiki ba, wadda ake kira GSI, da ta ba banki damar cire bashinsa daga kowane asusu da ke maƙale da lambar BVN ɗinka, ko a wane banki yake. Don haka tambayar farko da za ka yi wa duk wanda ya kawo maka fom ita ce: wannan kyauta ce ko bashi? In bashi ne, nawa zan mayar, yaushe, da kuɗi ko da hatsi, kuma a wane farashi za a ƙiyasta hatsin? In bai iya amsawa ba, kada ka dangwala.

Shirin da ya fi dacewa da ƙaramin manomi shi ne NG-CARES, na dala miliyan 750 daga Bankin Duniya, domin ɓangarensa na noma ta ofisoshin Fadama na jihohi yake bi, yana ba da iri da taki da ƙananan injuna da dabbobin kiwo ga ƙungiyoyin manoma, da gyaran hanyoyin karkara da kasuwanni. Amma a Disambar 2020 aka amince da shi, ƙaddamarwa kuma sai a 2022. Tsarinsa shi ne jiha ta fara kashe kuɗinta, a tantance aikin, sannan a mayar mata. Damina biyu suka wuce kafin ya kankama. Tun ƙarshen 2023 kuma Babban Banki ya janye daga ba da irin wannan rance kai tsaye, saboda haka kada ka dogara da tsohon bayani a kan Anchor Borrowers ko AGSMEIS, shirin rancen noma da ƙananan sana'o'i. Sunayen shirye-shirye na canzawa da gwamnati. Abin da ba ya canzawa shi ne ƙofar da suke shigowa ta ita.

Takardu da ƙungiya

Ƙofar ita ce ƙungiya mai rajista. Babu hukumar da za ta bi gida-gida tana neman mai rabin hekta, musamman lokacin da ma'aikatanta ke zaune a gida. Jerin sunayen da ke kan tebur ake ɗauka.

Dokar ƙungiyoyin gama-kai ta yarda mutum goma su kafa ƙungiya. Rajista tana hannun daraktan ƙungiyoyin gama-kai na jiha, galibi a ƙarƙashin ma'aikatar ciniki, kuma akwai jami'insu a ƙananan hukumomi. Za a nemi sunan ƙungiya, ƙa'idojinta a rubuce, jerin mambobi, rubutaccen bayanin zaman da aka zaɓi shugaba da sakatare da ma'aji, da kuɗin rajista. Bayan takardar shaida ta fito, a buɗe asusun banki da sunan ƙungiya, a sa sharaɗin sai mutum biyu cikin uku sun sa hannu kafin a cire kuɗi. Sannan a kai kwafin takardar wurare uku: sashen noma na ƙaramar hukuma, ofishin hukumar bunƙasa noma ta jiha (KNARDA a Kano, JARDA a Jigawa, KTARDA a Katsina, haka kowace jiha da tata), da ofishin Fadama. In ƙungiyar masu amfanin gona ɗaya ce, ta shiga uwar ƙungiyarsu, kamar RIFAN ga masu shinkafa.

Shawarata ita ce kada ƙungiya ta wuce mutum ashirin zuwa ashirin da biyar, kuma ta zama ta mutanen da gonakinsu ke kusa da juna. Rancen ƙungiya lamunin juna ne. In mutum uku suka sayar da takin da aka ba su suka ƙi biya, sunan kowa ya ɓaci. Ƙungiyar da wani ɗan siyasa ya haɗa dare ɗaya don a karɓi rabo ba ta kai kaka.

Kowane mamba yana bukatar BVN da NIN da asusun banki da layin waya, kuma wajibi ne sunan da ke kan huɗun ya zama iri ɗaya, harafi da harafi. Nan ne ake yawan faɗuwa. Muhammad a banki, Mohammed a katin ɗan ƙasa, ko ranar haihuwa ta bambanta, kwamfuta ta watsar da sunanka ba tare da kowa ya gaya maka dalili ba. Ana duba BVN da *565*0#, NIN da *346#, daga layin da aka yi rajistar da shi. Gyaran suna yana ɗaukar makonni, kuma lokacin kulle ofisoshin a rufe suke. Layin da aka bari ya mutu shi ma asara ne, domin ta saƙon waya ake sanar da wanda aka zaɓa. Mata su yi nasu da sunansu. Matar da ta ba da lambar asusun mijinta ko ɗanta, a takarda ba ita ce mai gonar ba.

Sai gona. A auna ta da waya mai nuna taswira, ko malamin gona ya auna. Hekta ɗaya mita 100 ce sau 100, kusan eka biyu da rabi. Yawancin mutane na zaton gonarsu ta fi yadda take girma, su karɓi kayan hekta biyu a kan hekta ɗaya, bashin ya fi ƙarfin abin da ƙasar za ta iya bayarwa. In gonar aro ce ko haya ko jingina, a rubuta yarjejeniya gaban mai unguwa ko dagaci da shaidu biyu, a ambaci damina nawa. Sabon manomi ya fi kowa bukatar wannan, don ba ƙaramin ciwo ba ne ka zuba taki bana, baɗi mai gona ya ce zai noma abinsa.

Lokacin annoba kasuwar 'yan damfara ke buɗewa. Saƙon WhatsApp mai cewa danna nan ka karɓi tallafi, mai sayar da fom, mai cewa kawo kaso in sa sunanka. Rancen korona na Babban Banki kyauta aka nemi shi ta intanet, ba a sayar da fom ɗinsa ba. Babu ma'aikacin banki na gaskiya da zai kira ka ya nemi lambar sirrin katinka ko lambobin da aka turo maka ta saƙo.

Kafin ka ci bashin noma

A lissafa bashi da buhu, kada a lissafa da Naira. Ka ɗauki duk abin da za ka mayar, ka raba da farashin buhu na lokacin kaka, wato lokacin da ya fi arha, ba na bazara ba. A ce ya kama buhu 12 na masara. In gonarka a shekara mai kyau tana ba da buhu 30, a mummunar shekara 15, to a mummunar shekara buhu uku za su rage maka da iyalinka. Bashin da ya haura kashi ɗaya cikin uku na abin da ka saba samu, ni ban ga hikimar cinsa ba. Kayan da suka iso a makare kuma a ƙi karɓa ya fi. Takin da aka kawo a ƙarshen Agusta ba zai tayar da masarar da aka shuka a Yuni ba, amma kuɗinsa na nan a wuyanka cif.

Ga wanda ke gudun kuɗin ruwa, a tsakiyar 2020 Babban Banki ya fitar da ƙa'idojin shirye-shiryensa marasa ruwa, kuma akwai bankuna irin su Jaiz da TAJ da ke aiki da murabaha, su sayi kayan su sayar maka da ribar da aka sani tun farko, ko salam, a biya ka kuɗi yanzu ka kawo hatsi da kaka. A salam a tabbatar an rubuta nau'in hatsin da ma'auni da ranar kawowa. Akwai kuma tsohon asusun lamunin rancen noma na 1977, wanda ke ɗaukar wa banki kashi 75 cikin ɗari na abin da manomi ya kasa biya. Gyaran dokarsa na 2019 ya ɗaga rancen da ba ya bukatar jingina daga Naira 20,000 zuwa 100,000. Ta bankin kasuwanci ko na ƙananan rance ake nema, Bankin Manoma kuma, mai hedikwata a Kaduna, yana da nasa tsarin ga ƙungiyoyi.

Annoba ba ta hana sauran masifu zuwa. A Satumbar 2020 ambaliya ta shafe gonakin shinkafa masu yawa a Kebbi, da dama kuma na masu bashi ne. Hukumar inshorar noma ta NAIC tana da rangwamen rabin kuɗin inshora a kan amfanin abinci da dabbobi, kuma yawancin rancen gwamnati akwai inshora a cikinsa, an cire kuɗinta tun farko. Ka nemi shaidarta a hannu. In ɓarna ta faru a sanar nan take a rubuce, ta hannun banki ko ƙungiya, a ɗauki hoto, kada a share gonar ko a sake shuka kafin jami'i ya gani. Ɓarnar ambaliya da fari da gobara da ƙwari inshorar take biya. Ba ta biyan faɗuwar farashi, ba ta biyan gonar da ciyawa ta cinye.

Tallafin da ba ya bukatar fom

Ilimi ne tallafin da ya fi saurin isowa, kuma waya ta ishe shi. Ka samu lambar malamin gonar yankinku tun yanzu. Cibiyar wayar da kan manoma ta NAERLS da ke Samaru, Zariya, tana da layin amsa tambayoyin manoma da littattafan noma da Hausa. A Nijar, RECA, wato haɗakar majalisun manoma, tana amsa tambaya da Hausa ta waya da saƙon murya na WhatsApp, manomi ya turo hoton ganyen da ya lalace a gaya masa abin da ke damunsa. Hukumar NiMet tana fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, da lokacin saukar ruwa da tsawon damina a kowane yanki. Wannan hasashe shi zai gaya maka ko iri mai saurin nuna za ka nema.

Iri ingantacce yana da suna. Na cibiyar binciken noma ta IAR da ke Samaru suna farawa da SAM: SAMMAZ 15 masara ce mai jure wuta-wuta, SAMPEA 14 da 15 wake ne masu jure ta, SAMNUT 24 gyaɗa ce mai saurin nuna. Ga gero akwai SOSAT, ga shinkafar fadama FARO 44. A jikin ledar a nemi tambarin hukumar kula da iri ta ƙasa, mai wurin kankarewa a tura lambar ta waya a tabbatar. In hanya ta rufe, iri na gida za a koma, to a gwada shi mako biyu kafin shuka: ƙwaya 100 a jiƙaƙƙen buhu ko kaskon yashi, a riƙa yayyafa ruwa, a ƙirga bayan kwana bakwai. In 85 ko fiye suka tsiro, a shuka yadda aka saba. Tsakanin 60 da 85 a ƙara yawan ƙwaya a rami. Ƙasa da 60 a nemi wani. Wake da gyaɗa da shinkafa ana iya ajiye irinsu shekaru. Masara 'yar aure, wadda kamfani ke haɗawa, ba a maimaita ta, 'ya'yanta ba sa biyo ta. Waken suya kuma saurin mutuwa yake yi a zafi, kada a shuka wanda ya shekara ba tare da gwaji ba.

Babban kuskuren sabon manomi lokacin ƙarancin kuɗi shi ne ya shuka masara gona guda, ya barbaɗa mata buhu biyu. Hekta ɗaya ta masara tana cin iri kilo 20 zuwa 25 a tazarar santimita 75 tsakanin kunya da kunya, 25 tsakanin rami da rami, ƙwaya ɗaya a rami. Takinta kusan buhu 8 na kamfa 15:15:15 cikin kwana goma zuwa sha huɗu da shuka, sai buhu biyu da rabi zuwa uku na yuriya a mako na huɗu zuwa na shida. Mai buhu biyu na kamfa da 'yar yuriya, masarar kwatan hekta yake da ita. Sauran gonar ya sa wake ko gyaɗa ko waken suya, waɗanda buhu biyu zuwa uku na supa ke isar hekta, su kuma bar wa ƙasar ƙarfi don baɗi. Taki a tona masa rami kamar tsawon ɗan yatsa daga gindin shuka a rufe. Yuriyar da aka watsa a sarari rana da iska ke shan kaso mai yawa nata. In ana shakkar ingancinta, a zuba cokali a kofin ruwa: ta gaskiya narkewa take ƙaf, yashi kuwa zai kwanta a ƙasa.

Ga gero da dawa a ƙasar jigawa akwai dabarar da aka gwada sosai a Nijar, a cibiyar binciken noma ta ICRISAT da ke Sadore: giram 6 na kamfa a kowane rami, kusan cikin marfin kwalbar lemo. A tazarar mita ɗaya-ɗaya rami 10,000 ne a hekta, kilo 60 ke nan, buhu ɗaya da ɗan ɗori. Sharaɗin shi ne ƙasa ta jiƙa sosai, kuma takin kada ya taɓa ƙwayar, in ba haka ba ya ƙone ta. A haɗa da takin gargajiya, don wannan ɗan ma'auni shuka yake ciyarwa, ba ya gina ƙasa.

Hana zirga-zirga ya tsare 'yan ƙodago a garuruwansu, kuɗin aiki ya tashi. Ciyawar makonni shida na farko ita ce mai kashe amfani, don haka in hannu ya yi ƙaranci a rage faɗin gona maimakon a makara da noman firi. Gayya tana yiwuwa ko da annoba, a kasa mutane ƙanana, kowa da kunyarsa da fartanyarsa da kofin shan ruwansa, a ajiye buta da sabulu a bakin gona. Wurin cin abinci da cikin mota cutar ta fi yaɗuwa, ba tsakiyar fili ba. Mai amfani da maganin ciyawa na bayan shuka ya fesa cikin kwana biyu, a kan ƙasa mai danshi, da ruwa kusan lita 200 a hekta, wato cikin famfon goyo mai lita 20 sau goma. Ya karanta takardar jikin kwalba, ya duba lambar NAFDAC, ya kuma sani cewa maganin masara na iya kashe waken da aka shuka a tsakaninta. Takunkumin yadi da ake sawa don korona ba ya tare gubar feshi. Wani abu da ake mantawa: mai gona kansa na iya kwanciya mako biyu ko uku. Ya kamata wani a gida ya san ranar da aka yi shuka, ina taki yake, yaushe za a sa na biyu, da wa ake bi da wa ke bi. Littafin makaranta guda ya isa.

Fitar da kaya

A takarda an cire abinci da kayan noma daga dokar hana zirga-zirga. A kan titi kuwa shingaye sun yi yawa, jinkirin kwana ɗaya kuma ya isa ya narkar da kwandon tumatir daga Kadawa ko Danja kafin ya ga Legas. Abin da ke rage wahala shi ne mota ɗaya ta ɗauki kayan ƙungiya gaba ɗaya, da mutum ɗaya mai rakiya, riƙe da kwafin rajistar ƙungiya, wasiƙar sashen noma na ƙaramar hukuma, da takardar da ta lissafa kayan da inda za su. A yi ciniki ta waya kafin a ɗora kaya, a karɓi wani kaso ta asusu. In mai saye bai tabbata ba, kauɗa ta fi zubarwa. A yanka tumatir mai lafiya, a shanya a kan raga ko tabarmar da aka ɗaga daga ƙasa, ba a gefen titi ba, har ya bushe ƙarau. Kilo 100 na ɗanye ba ya ba da kilo 10 na busasshe, amma zai kai damina, lokacin da tumatir ke tsada. Wanda bai gama bushewa ba fumfuna zai yi a buhu.

Masu kaji sun sha ta fuska biyu a 2020. Makarantu da otal-otal da masu shayi suka tsaya, ƙwai ya taru, kuma a zafin Afrilu ba ya wuce mako biyu da kyau. Daga baya masara ta yi tsada har gwamnati ta fitar da tan 30,000 ga masu haɗa abincin kaji a Satumba. Kaza mai ƙwai tana cin giram 110 zuwa 120 a rana, kaji 100 na cinye buhu mai kilo 25 a kwana biyu, ko an sayi ƙwan ko ba a saya ba. Kajin nama 100 za su ci buhu 16 zuwa 20 kafin su kai mako bakwai, kuma duk ranar da suka ƙara bayan nan riba suke ci. Sabon mai kiwo kada ya zuba 'yan tsaki sai kuɗin abincinsu har ƙarshe na hannunsa. Kajin gida da awaki sun fi jure irin wannan lokaci, muddin an yi musu rigakafi. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom, a jihar Filato, tana yin na cutar Newcastle mai jure zafi, wanda ake ɗiga wa kaji a ido duk wata uku zuwa huɗu, da allurar PPR, cutar da ke sa awaki da tumaki majina da zawo. Ta ofishin likitan dabbobi ake samu, kwalba ɗaya kuma ta ishi gidaje da yawa, shi ya sa haɗuwa a yi rana ɗaya ya fi.

Rumbu da asusun gida

Wanda ke da hatsi a ajiye lokacin kulle bai tsaya layin rabon abinci ba. Buhun PICS mai leda biyu a ciki da buhun saƙa a waje yana kashe ƙwari ta hanyar toshe musu iska, ba magani. Amma sai hatsi ya bushe, danshinsa ya sauka kusan kashi 13 cikin ɗari. Gwajinsa: busasshiyar kwalba, hatsi kashi ɗaya cikin uku, cokali biyu na busasshen gishiri, a girgiza a bari minti goma sha biyar. In gishirin ya manne a jikin kwalba, a koma shanya. A hura kowace leda a duba huda, a matse iska, a ɗaure kowacce daban, a ɗora a kan katako nesa da bango saboda ɓera. Yawan buɗewa yana lalata aikin. Jarka mai marfi da aka cika har baki ita ma tana yi wa wake. Kada a zuba fiya-fiya ko maganin feshin gona a abincin da mutane za su ci, ƙwayar hayaƙi ta ajiya kuma ba a sa ta a ɗakin da ake kwana.

Kuɗin da ya fi saurin fitowa ranar bukata shi ne na asusun unguwa. Tsarin da duniya ke koyi da shi yau a Maraɗi aka fara shi a 1991, da sunan Mata Masu Dubara, tare da ƙungiyar CARE. Mutum 15 zuwa 25, zubi duk mako, akwati mai kwaɗo uku da makullai a hannun mutum uku, rance ba ya wuce ninki uku na abin da mutum ya tara, ga ƙaramin asusu daban na rashin lafiya da rasuwa, a raba bayan wata tara zuwa sha biyu. Ga manoma a tsara ranar rabo ta faɗo a Afrilu ko Mayu, daidai sayen iri da taki. Lokacin hana taro ba sai an daina ba: a riƙa zuwa biyar-biyar, ma'aji da masu makulli na zaune, a karanta jimillar kuɗi ta saƙon murya kowa ya ji. Asusun da ke rushewa shi ne wanda aka bar kuɗi da littafi a hannun mutum ɗaya saboda kunya.

A kudancin Nijar sun daɗe da wani tsari da ya kamata ƙungiyoyin Najeriya su duba. Da kaka mambobi su tara hatsi a sito mai kwaɗo biyu, makulli ɗaya na ƙungiya, ɗaya na bankin ƙananan rance. Banki ya ba da rancen kusan kashi 70 zuwa 80 na darajar hatsin a farashin kaka, a yi noman rani ko kiwon turke da kuɗin, a biya wajen Afrilu ko Mayu, a buɗe sito a sayar ko a ci. Inda yake ɓaci wuri uku ne. In rancen ya makara har Janairu, mutane sun riga sun sayar da arha. In aka karɓi ɗanyen hatsi daga mutum ɗaya, ƙwari da fumfuna su bi sauran buhunan, don haka kowane buhu a auna shi, a gwada bushewarsa, a rubuta sunan mai shi kafin ya shiga. Sannan ba kowace shekara farashi ke tashi ba, musamman in gwamnati ta buɗe rumbunanta ko aka shigo da hatsi daga waje. Saboda haka a lissafa kuɗin sito da na buhu da ribar banki tun farko, kuma kada gida ya sa abincin da zai ci kafin bazara a cikin abin da ya jinginar.